Tsintsiya Goma Sha Biyu

Duk wanda ya saba bin hanyar Gumel zuwa Maigatari da rana tsaka ya taɓa ganinsa. Ramammen mutum ne, sanye da shuɗiyar rigar ma'aikata wadda rana ta cinye launinta, yana share gefen kwalta da tsintsiyar kaba, ga wasu tsintsiyoyin ɗaure a bayansa kamar goyo. Direbobi sukan rage gudu su jefa masa ledar ruwa. Baƙi sukan ce, Allah sarki, taɓin hankali. Amma waɗanda suka san shi tun yana Abdurra'uf mai hoto-kwafi ba sa cewa komai, kau da kai suke yi. Ku saurara ku ji abin da ya kai shi bakin hanya. Ba da wuƙa ya fara ba, da takarda ya fara.

Abdurra'uf yana da ɗan shago kusa da sakatariya a Gumel: injin hoto-kwafi ɗaya, kwamfuta ɗaya, da janareta mai tari kamar tsoho. Shekara goma sha bakwai yana buga wa mutane takardun neman kwangila. Da hannunsa ya gyara wa waɗanda ba su iya rubuta sunan kamfaninsu ba, bayan wata shida su dawo cikin mota, su sauke gilashi su ce, "Mai kwafi, yaya aiki?" Wannan gaisuwa ta yi ta cin ransa har ta cinye. Sai ya sayar da gonar gadonsa da ke ƙauyensu a yankin Gagarawa, ya yi wa nasa kamfani rajista, ya bi ofis-ofis ya haɗa duk takardar da ake nema. Matarsa Safara'u ta yi kuka a kan gonar. Ya ce mata ta yi haƙuri, shekara ɗaya ya sayo biyu.

'Yarsu ɗaya ce, Muhsina, ita ce ta fari kuma ba a ƙara ba. Da yake 'yar fari ce, daga shi har uwar babu mai faɗin sunanta, saboda kunya. Shi Mamana yake ce mata. Yarinya ce mai ciwon asma, ko shara aka fara a tsakar gida sai ta shige ɗaki.

Ana haka wata ma'aikatar gwamnati ta gina manyan ɗakunan ajiyar hatsi a bayan gari, ta nemi kamfanin da zai riƙa shara da tsaftar wurin na shekara biyu. Abdurra'uf ya kai takardunsa. Mai duba takardun wata mata ce, Madam Rhoda, mutuniyar Filato da aiki ya zaunar da ita Gumel, wadda kowa ya san ko goro ba ta karɓa.

Ta buɗe fayil ɗinsa ta yi murmushi. "Malam Abdurra'uf, naka sun fi na kowa kyau. Ai dole, kai ka buga na kowa. Amma ina mutanen?"

"Waɗanne mutane, Madam?"

"Ma'aikata mana. Ko kai za ka share ɗaki takwas da hularka?"

Ta jawo takardar sharuɗɗa ta karanta masa tana bi da biro. Ma'aikata goma sha biyu, 'yan asalin yankin, kowa ya cika shekara goma sha takwas. Kowa da katin ɗan ƙasa da takardar likita, a yi masa rajistar fansho da inshora. Albashi kada ya gaza mafi ƙarancin da doka ta yanke. Hutun kwana ɗaya a mako. Idan ma'aikaci ya bar aiki ko ya rasu, a cike gurbinsa cikin kwana bakwai. Ba a sallamar ma'aikaci sai da sanarwar wata guda a rubuce. Gwamnati kuma ba ta fara biya sai an yi wata uku ana aiki.

"Alhamis mai zuwa ka kawo su in gan su da idona," in ji ta. "Kowa ya dangwala yatsa a na'ura. Na gaji da ma'aikatan da ke rayuwa a cikin fayil."

Ya fito rana na dukan kansa bai ji ba. Takardar likita zai iya bugawa, wannan aikinsa ne. Amma mutum goma sha biyu masu rai, waɗanda za su yi wata uku suna shara ba a ba su ko sisi ba, ina zai samo su? Ya gwada. Kwana uku yana yawo tasha-tasha, duk wanda ya tara sai ya ce, "A ba ni na watan farko tukuna." Shi kuwa kuɗin gona sun ƙare a kan hatimi da sa hannu. Idan Alhamis ta wuce, ba gona, ba kwangila, sai janareta mai tari.

Ranar Litinin abokinsa Dogo, direban motar haya mai zuwa Sule Tankarkar, ya same shi a shago ya haɗa kai da gwiwa.

"Kai, mutuwa aka yi ne?"

Ya gaya masa komai. Dogo ya daɗe yana sosa gemu, sannan ya leƙa waje ya dawo ya rage murya.

"Akwai wani tsoho gaba da Sule Tankarkar, dab da iyaka. Ɗantsoho ake ce masa. Na taɓa kai wani mai kwangilar rijiyoyi. Ban shiga ba, kuma ban tambaya ba. Ni dai na ga mutumin ya sayi mota."

"Yanzu yana ina, mutumin?"

"Ban sake ganinsa ba. Ai masu mota ba sa shiga tawa." Dogo ya yi dariya shi kaɗai. "In za ka je, ba a zuwa sai rana ta take tsakiya, lokacin da mutum ke taka inuwarsa. Kuma ka tafi da sunaye."

Sunaye kam yana da su. A bara dangin ƙauye sun aiko masa da katunansu don ya shigar da su tallafin taki. Tallafin bai zo ba, amma kwafin katunan na nan cikin durowa. Ya ciro goma sha biyu na sama bai tsaya zaɓe ba.

Washegari Dogo ya sauke shi inda hanyar mota ta ƙare, ya nuna masa wurin da baki ya ce zai jira. Kufai ne. Gidajen sun narke sun koma ƙasa, rijiyar ta bushe an rufe bakinta da ƙaya. Ba kukan tsuntsu, ba ƙuda. Abu ɗaya ne ya rage a tsaye, wani ƙaton rumbun ƙasa da aka fasa wa ƙofa a ciki. Abdurra'uf ya duƙa ya shiga, sai sanyi ya buge shi kamar ya faɗa randa. Wurin na warin tsohon gero da wani abu mai ƙarni. Daga rufin har ƙasa kayan aiki ne a rataye: fartanyu, laujuna, gugar rijiya, taɓare, kowane an naɗe wuyansa da baƙin zare. Babu iska, amma suna ɗan motsi. A tsakiya wani ƙaramin tsoho na zaune a kan turmin da aka kife, yana saƙa igiyar kaba.

"Zauna, Mushe," in ji tsohon.

Abdurra'uf ya ja da baya. Tsohon ya yi dariya, bakinsa ba haƙori. "Kada ka tsorata. Mu a tsallaken iyaka haka muke kiran mai takarda, girmamawa ce. Ku ne kuka mai da kalmar ta dabbar da ta mutu ba yanka. Karanta mini abin da ka zo da shi."

Ya karanta masa sharuɗɗan daga farko har ƙarshe. Tsohon ya ce a sake. Da aka zo kan cike gurbi sai ya ajiye igiyar yana kaɗa kai.

"Wanda ya rubuta wannan ya san aiki. Ya fi ni."

"Baba, mutum goma sha biyu nake so ranar Alhamis. Waɗanda na'ura za ta karɓi yatsunsu."

"Za ka samu. Za su yi shara irin wadda ba a taɓa gani ba."

"Me zan biya?" in ji shi. "In jini ne, ban iya ba. Ina da 'ya ɗaya, ba ta cikin wannan magana."

"Wa ya tambaye ka jini? Wa ya tambaye ka 'ya?" Tsohon ya tofar da yawu gefe. "Ni ba ni da sharaɗi, Mushe. Sharaɗina shi ne na gwamnati. Abin da takardar nan ta ce ka ba ma'aikaci, ka ba shi. Abin da ta ce ka cike, ka cike. Shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Ya yi maka kaɗan ne? In ƙara?"

"A'a, Baba. Amma su masu sunayen, za su sani?"

"Barci za su ɗan yi. Ka taɓa jin wanda barcin rana ya kashe?"

"In kuma gurbi ya wuce kwana bakwai fa?"

Tsohon ya dube shi. "Tsintsiya ba ta son kwanciya ba hannu. Kada ka bari ta nema da kanta."

Ya miƙe ya jawo sababbin tsintsiyoyi goma sha biyu ya jera su a ƙasa. Kowace ya naɗe mata kwafin kati ɗaya a wuya, ya ɗaure da baƙin zare, ya tofa. Sannan ya ce Abdurra'uf ya kira kowane suna da ƙarfi sau uku. Ya kira na farko. A kira na uku tsintsiyar ta yi ƙwas ta miƙe tsaye a kan bakinta, ba mai riƙe da ita. Haka ya yi ta kira. A'i 'yar ƙanin babansa. Gwaggo Kande. Da ya zo kan na ƙarshe ya ga hoton, sai ya tsaya. Baffa Hussaini ne, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa, wanda ya sayar da akuya ya sa shi makaranta.

"In ka fasa, ƙofa na nan," in ji tsohon.

Abdurra'uf ya tuna gilashin mota yana sauka. Ya rufe ido ya kira.

Ranar Alhamis da rana tsaka suka zo. Ba wanda ya ga motar da ta sauke su. Mutum goma sha biyu cikin shuɗin yunifom, a jere, kai a sunkuye. Fuskokin su ne na katin. Kowa ya dangwala, na'ura ta yi ƙara ta karɓa. Madam Rhoda ta kama hannun Gwaggo Kande za ta gyara mata yatsa, sai ta saki da sauri.

"Sannu, Mama. Zazzaɓi kike yi ne? Hannunki kamar ƙanƙara."

Ba amsa.

"Mutanen ƙauye ne, Madam," in ji Abdurra'uf. "Kunyar ofis suke ji."

Ta daɗe tana kallonsu. Amma duk abin da doka ta nema ga shi a gabanta. Ta sa hannu.

Shara kuwa an ga shara. Ɗakunan ajiya suka zama kamar an lashe su. Masu gadi sukan ce suna jin sautin tsintsiya daga hantsi zuwa azahar, in sun leƙa su hango bayan mutum yana shiga lungu. Abdurra'uf ya ajiye tsintsiyoyin a ɗan ɗakin bayan shago, ya manna jadawalin aiki a bango, ya sa kwaɗo. Abin da ya rubuta a jadawali shi suke bi.

Da kuɗin farko suka fito ya yi niyyar kai wa kowa albashinsa, wallahi ya yi niyya. Ya ma sa su a ambulan. Amma a ranar aka yi masa tallan mota. Ya ce wata mai zuwa. Wata mai zuwa aka yi tallan fili. Asusun da ya buɗe da sunayensu katunan cirar kuɗin na aljihunsa, kuɗi su shiga da safe don Madam Rhoda ta gani a takarda, su fito da yamma. Ya tayar da bene. Safara'u ta sa zinare tana tambaya a hankali, "Malam, wai ma'aikatan nan naka ina suke kwana?" Ya ce, "Ke dai ci abinci. Suna ne kawai a takarda, kowa haka yake yi." Muhsina na gefe tana ji.

Sai aka zo masa da aiki na biyu, sharar wasu rumfunan 'yan kasuwa a Maigatari. Ya tsaya gaban jadawali da biro a hannu. Ranar hutu na nan, Juma'a, fara tas. Ya ce a ransa, tsintsiya ce fa, gajiya take yi? Ya cike Juma'a. Ya ja lokacin tashi daga azahar ya kai la'asar sakaliya.

A ƙauye kuwa wata cuta ta sauka wadda ba a san sunanta ba. Mutum na tsakiyar noma da hantsi sai ya zube a kunya, barci kamar gawa, ba ya tashi sai rana ta yi sanyi. Ya tashi da ciwon baya, hannu duk ƙuraje, hanci cike da ƙaiƙayi. Mutum goma sha biyu, kullum su ne. Damina ta wuce gonakinsu ciyawa ta cinye.

Abdurra'uf ya je da buhun shinkafa a bayan mota. Ya tarar da Baffa Hussaini a jingine da bango, ya zama ƙashi da fata.

"Ɗana, zo ka gani." Tsohon ya buɗe tafukansa, sun yi kanta sun tsage. "Kwana arba'in ban riƙe fartanya ba. To wannan na mene ne? Kullum mafarki ɗaya nake yi, ina shara a wani ɗaki da ba shi da ƙarshe. In na ɗaga kai sai in hango ka a bakin ƙofa da waya a kunne. In yi ta kiranka, ba ka juyowa."

"Mafarki ne, Baffa."

"Na sani. Ai da kai ne da ka juyo." Ya dafa kan Abdurra'uf. "Allah ya yi maka albarka da ka tuna da mu."

Kwana tara bayan haka Baffa bai tashi daga barcin rana ba. Da Abdurra'uf ya buɗe ɗakin bayan shago ya tarar da tsintsiya ɗaya a kwance, zarenta ya tsinke. Ya yi kuka, kukan gaske. Sannan ya share ido, ya jawo durowa, ya ciro kwafin katin wani mai gyaran keke da ya taɓa mantawa a shagon. Ya ɗaura, ya kira sau uku. Ya yi wa kansa alkawari da zarar aikin Maigatari ya ƙare zai mayar da Juma'a.

Gwaggo Kande ta bi. Wasu biyu suka bi. Duk wanda ya faɗi, durowa ta ba da wani.

Da A'i ta rasu, ta biyar ke nan, Madam Rhoda ta kira shi ofis. Ba ta ce ya zauna ba.

"Alhaji, mutum biyar a shekara ɗaya. Shara ce ko yaƙi? Masu inshora sun fara tambaya. Daga yau duk sabon ma'aikaci shi zai cike fom da hannunsa, mai unguwarsa ya sa hannu, ya kawo mini da ƙafarsa, ya yi mini magana da bakinsa. Kwana bakwai gare ka."

Yanzu yana da kuɗin ɗaukar mutum, sai mutum ya gagara. Ya je kasuwar Maigatari ya yi wa 'yan dako tayin albashi ninki biyu. Duk wanda ya karɓi fom sai ya dawo da shi washegari. Ɗaya ya ce matarsa ta yi mugun mafarki. Ɗaya ya ce mai unguwa ya tambaye shi ko ya taɓa ganin ma'aikacin wannan kamfani yana cin abinci ko yana salla. Kwana huɗu, kwana biyar. Abdurra'uf ya daina cin abinci. In ya wuce ɗakin baya sai ya ji kamar ana jan wani abu a ƙasa, a hankali, zuwa wajen ƙofa.

A lokacin Muhsina ce ke zama a shagon, tana jiran sakamakon makarantar koyon aikin jinya. Watanta biyu da cika goma sha takwas, sabon katinta na cikin jaka. Ranar kwana na shida da hantsi ya shigo shagon ya tarar da ita da kwanon ƙosai, fuskarta cike da fara'a.

"Abba, yau kam sai ka ci. Na cire maka damuwar."

"Wace damuwa, Mamana?"

"Gurbin mana. Na ga fom ɗin a kan tebur. Jiya na cike, mai unguwa ya sa mini hannu, takardar likita kuma na buga irin yadda kake bugawa, na rubuta lafiya lau. Yanzu na dawo daga wurin Madam, har na dangwala. Ai ka ce suna ne kawai a takarda."

Bai san lokacin da ya fasa kwaɗon ɗakin baya ba. Tsintsiyar A'i na nan a kwance bakin ƙofa. Ba ta tashi ba. Kwafin katin Muhsina na naɗe a wuyan tsintsiyar, shi kuma bai naɗa ba, amma a kwance take. Da a ce ya yi shiru a nan, da ya tuna abin da ke tayar da tsintsiya. Amma tsoro ya riga hankali. Ya fito a guje ya kama kafaɗunta yana girgiza ta.

"Muhsina! Me kika yi, Muhsina? Wa ya aike ki, Muhsina?"

Ta zuba masa ido, baki buɗe. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Har ta fara murmushin kunya.

Daga ɗakin baya aka ji ƙwas.

Yarinyar ta yi hamma. "Abba, wani irin barci nake ji," in ji ta, ta sulale a hannunsa.

Ya kai ta gida, ya ɗauki mota shi kaɗai ya yi Sule Tankarkar kamar zai tashi sama. Ya bar motar a buɗe ya faɗa rumbun da rarrafe. Tsohon na nan a kan turminsa, yana saƙa igiyarsa.

"Baba, 'yata! Ka ce ba ta ciki!"

"Ni na sa ta? Ni na kira sunanta?"

"Ka cire ta. Ga mota, ga gida, ka ɗauki komai."

"In kai su ina? Zauna, Mushe, in tambaye ka. Ka ba su albashinsu?"

Shiru.

"Ka ba su hutunsu?"

Shiru.

"To wa ya karya sharaɗi, ni ko kai? Da ka ba su haƙƙinsu, da yanzu barcin rana kawai suke yi suna tashi da kuɗi a aljihu, suna sa maka albarka. Ba wanda ya taɓa zuwa nan na ɓoye masa wannan. Kuma ba wanda ya taɓa yi."

"Zan gyara jadawalin yau. Zan ba ta hutu."

"Na wannan watan ka riga ka rubuta ka sa hannu, ba ya goguwa. Sai wata ya ƙare."

"Tana da asma, Baba! Ƙaiƙayin hatsi zai kashe ta!"

"Takardar likitanta ta ce lafiya lau."

Abdurra'uf ya kifa goshinsa a ƙasa yana kuka kamar mace ta rasa ɗa. "To in sallame ta."

"Sallama da sanarwar wata guda, a rubuce. Kai ka karanta mini. Kuma a cike gurbi."

"Ni zan shiga gurbin. Nata da na sauran duka."

Tsohon ya daina saƙa. "Aikin mutum goma sha biyu ne."

"Na ji."

"Ka ji wannan ma. Mai kamfani ke sallamar ma'aikaci, ma'aikaci ba ya sallamar kansa. In ka koma ma'aikaci, wa ya rage ya sallame ka?"

"Ita dai ta tashi," in ji Abdurra'uf.

A ranar ya rubuta takardun sallama goma sha biyu ya sa hannu. Ya sayar da mota da fili ya bi gida-gida a ƙauye yana ajiye wa mutane albashinsu, suna kallonsa ba su gane ba. A gidan Baffa ya ajiye a gaban matar ya fita da gudu. Sannan ya dawo ya zauna ƙirga kwanaki.

Kullum da hantsi Muhsina ta zube. Safara'u ta zauna a kanta da mafici, tana ciro mata ƙaiƙayi daga hanci da bakin gyale, tana jin ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Hannun yarinyar na dama a dunƙule, yana kai yana kawowa a kan tabarma. Asibiti suka sa mata iska, suka ce ba su ga dalili ba. Malamai suka yi addu'a. In ta farka da la'asar sai ta nemi ubanta da ido.

"Abba, ɗakin nan ba ya ƙarewa. Saura kwana nawa?"

"Tara, Mamana."

"Ka daina ce mini Mamana. Sunan ya fi daɗi a bakinka."

Safara'u ta dubi 'yar, ta dubi mijin. "Wane ɗaki? Kwanan me kuke ƙirgawa, Malam?" Ya gaya mata. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta juya ta ci gaba da fifita, kuma daga ranar ba ta ƙara yi masa magana ba.

Ranar kwana na ashirin da bakwai, ana kiran sallar azahar, hannun Muhsina ya tsaya.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka tarar da Safara'u tana share tsakar gida. Aka ce ta bari, ta ce tana taya yarinya ne ta gama da wuri ta dawo. Ta yi ta shara wuri ɗaya har siminti ya fashe, har ta haƙa rami. 'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita a ɗaure.

Bincike ya biyo baya. Gwamnati ta soke kwangilar, aka rufe kamfanin, aka karɓe benen. Ranar kwana na talatin mutum goma sha ɗaya suka wuce hantsi idonsu biyu, suka yi ta mamaki. A ranar ne aka ga Abdurra'uf ya fito daga shago da shuɗiyar riga, tsintsiyoyi a baya, ya nufi ɗakunan ajiya. Masu gadi suka kore shi, sai ya kama hanya. Dogo ya koma kufan don ya roƙa masa, ya tarar rumbun ya rushe, gara ta gina gida a kan turmin.

Har yau in Abdurra'uf ya ga mutum da biro a aljihu sai ya tare shi da wata yagaggiyar takarda. "Ranka ya daɗe, ka sa mini hannu a sallame ni." Wata rana Madam Rhoda ta tsayar da mota, ta rubuta masa takardar sallama da hannunta, ta buga hatimi, hawaye na zuba. Ya karanta a tsanake har ƙarshe, kamar yadda yake duba takardun mutane a da. Sannan ya miƙa mata abarta.

"An gode, Madam. Amma ba ke ce mai kamfanin ba."

Ya duƙa ya ci gaba da shara.

To, ku masu neman kwangila, ku masu fayil cike da sunayen mutanen da ba su san an rubuta su ba, ku ji tsoron Allah. Babu sunan da yake suna kawai, kowane da mai shi, da bayansa da ke ciwo, da 'ya'yansa da ke jiran abinci. Boka bai nemi komai wurin Abdurra'uf ba sai haƙƙin ma'aikaci, don ya san mai kwaɗayi zai iya ba da komai ban da wannan. Wanda ya ci gumin wani, ya sani akwai gurbin da ke jira, kuma daga cikin gidansa za a cike shi.